Shekarar da Bishir Ya Zama Ciyaman

Ina tsakiyar matsar man gyaɗa labarin ya iske ni. Na juye niƙaƙƙiyar gyaɗa a turmi ina juyawa da ruwan zafi, hannuwana duk maiƙo, sai na ji ihu da ƙarar babura daga bakin titi. A shekarun nan idan hayaniya ta tashi a Batsari ba murna ke fara zuwa ran mutum ba, don haka na saki taɓarya na fara laluben mayafi ina kiran sunayen jikoki. Sai ga Sama'ila, ɗana na ukku, ya faɗo gidan ko sallama bai ƙarasa ba, waya a hannu, yana dariya yana haki.

"Inna, Kawu ya ci. An faɗa a rediyo. Kawu Bishir ne ciyaman."

Na zauna a gefen turmi na yi hamdala. Daga nan na tashi na ci gaba da aikina, don idan gyaɗa ta huce ba ta ba da mai.

Ku jikokina da kuka taso kuka iske shi da furfura da tabarau, bari in gaya maku matsayin Bishir a wurina. A Darini aka haife mu, uwa ɗaya uba ɗaya, ni ce babba shi ne auta. Bai daɗe da yaye ba mahaifiyarmu ta rasu. Ni na goya shi, kuma da aka kawo ni Batsari gidan kakanku Malam Iro mahauci, da shi na taho. Da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na saya mashi littafi da takalmi. Da ya gama makaranta ya tafi babban birnin nan da yake zaune har yau, ya yi koyarwa shekaru masu yawa, ya yi aure can, ya haifi 'ya'yanshi can, har mutanen unguwarsu suka tsayar da shi kansila. Daga baya ya nemi shugabancin ƙaramar hukumar da ke riƙe da tsakiyar birnin, inda babbar kasuwa take, Allah kuma ya ba shi. Na ji ana gaya ma wasunku cewa da ya samu kujera ya manta da danginshi. Ba haka aka yi ba. Tunda ina da sauran rai da hankali, gara in ajiye maganar yadda ta faru.

Kafin la'asar gidanmu ya cika. Matan da rabona da su tun wani biki da na manta, sai ga su da guɗa. Sunana ma ya canza. Shekara da shekaru Indo mai ƙuli ake ce mani, a wuni guda na koma Yayar Ciyaman, wasu har da ƙara Hajiya, alhali ko jirgi ban taɓa taka ba. Samari suna nuna ma juna a waya yadda ake zagaye titunan birnin da hotonshi. A teburin mai shayi, in ji Malam, gardama ta kaure a kan yawan mutanen da ciyaman ke iya ɗauka aiki. Wani ya rantse Bishir zai turo sojoji su tsare Darini, ko da yake birnin da ya ci ko a jiharmu ba ya ciki. Kada ku yi masu dariya. A lokacin 'yan bindiga sun hana mutane sakat. Mutanen Darini da Yasore da yawa suna cikin Batsari, wasu a gidajen dangi, wasu a kangon gini da aka rufe ma taga da buhu. Magidancin da a da yake cika rumbu ya ba da zakka, ya koma dako a kasuwa. Mutum irin wannan idan ya ji ɗan garinsu ya zama wani abu, dole ranshi ya tafi can. Cikin 'yan kwanaki zaurenmu ya cika da kaji da zabi da buhunan rogo, wani har tunkiya ya ɗaure ya tafi. Kowace kyauta da sunan yaron da ke bayanta. Ni kuwa, in faɗi gaskiya, a lokacin ban ga aibun abin ba. Ina ta cewa Allah ya nufa, idan mun je rantsarwa zan yi mashi magana.

Motoci aka cika daga Batsari, wasu daga Safana, inda ɗiyata Murja ke aure. Malam bai je ba, ya ce wanda ya yanka sa ba ya barin nama ya tafi biki. Na tafi da Murja da Sama'ila. Gidan Bishir ƙarami ne, mutane har kan titi, wasu namu a masallacin unguwar suka yada zango. Da safiyar rantsarwa motocin da aka tanada suka cika da matan manya kafin in gama ɗaura ɗankwali, kuma ban ga dalilin da zai sa in tsaya ina gaya ma direba ko ni wace ce ba. Na ja Murja muka fita titi muka tari napep. A ciki muka iske mata biyu, wata dattijuwa da kwandon kayan miya a cinya, da wata yarinya mai goyo. Hanya ta cushe saboda taron, muna tafiya kaɗan muna tsayawa, sai hira ta ɓarke. Direban ya ce shi Bishir ya zaɓa, don malaminshi ne a makaranta, kuma lokacin yana kansila shi ya tsaya aka gyara magudanar da ke cinye masu gidaje duk damina. Dattijuwar ta taɓe baki. Ta ce duk haka suke farawa, ta ga ciyamomi sun zo sun wuce, rumfarta na nan cikin taɓo. Kuma wannan, in ji ta, baƙo ne, asalinshi wani ƙauye ne can wajen Katsina. Murja ta buɗe baki, na danne mata ƙafa.

Sai da muka kusa mai goyon ta sa baki. Mijinta, in ji ta, yana cikin masu sharar kasuwa. Ya daɗe yana yi ba a tabbatar da shi ba, kullum ana ce masu sai sabon ciyaman ya hau. To ga shi ya hau, jiya kuma mai kula da su ya ce kowa ya shirya, don sabon shugaba da mutanenshi yake zuwa.

"An ce motoci aka ciko daga ƙauyensu," ta ce, tana gyara kan jaririn. "Suna can a ƙofar gidanshi. Mu ba mu da kowa. Ƙuri'a kawai gare mu, mun kuma riga mun ba shi."

Ba da zafi ta faɗa ba. Kamar mai ba da labarin ruwan da ya haɗo ta faɗa. Motocin da take magana a kai, a ɗaya daga cikinsu na zo, kuma sunayen da aka ɗora mani suna nan a kaina ina ta bitarsu kada in manta.

Filin rantsarwar ban taɓa ganin taro irinshi ba. Makaɗa, 'yan jam'iyya da riguna iri ɗaya, mata na guɗa, samari a kan katanga da bishiyoyi. A bakin ƙofa kuma wasu sun taru suna ɗaga jarkokin da babu ruwa a ciki, suna kiran sunan Bishir, ba zagi ba ne kuma ba kirari ba ne, tuni suke mashi. Wasu a bayana na cewa ba zai kai ko'ina ba, manyan jam'iyya za su haɗiye shi. Wasu na cewa a ba shi lokaci. Na hango shi can nesa, babbar riga ta yi mashi yawa. Aka miƙa mashi Alƙur'ani, ya ɗora hannu, ya yi alkawarin riƙe amanar mutanen garin ba tare da fifita kowa ba. Jama'a suka ɗauki tafi. Ni hannun nake kallo. Hannun da na sha wankewa in sa mashi a kwano.

Washegari da hantsi, bayan an ɗan rage, Bishir ya sa aka kira ni ɗakin matarshi ya rufe ƙofa. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, muryarshi ta dushe. Ya ce ya san abin da na yi mashi ba ya biyuwa, in faɗi abin da nake so. Kafin in buɗe baki ya ce Sama'ila ba zai koma ba, yaro da takardar shaidar malanta yana kabu-kabu da babur tsakanin Batsari da Safana, a hanyar da kowa ya san halinta. Zai sama mashi wuri a sakatariya. Sauran mutanenmu ma zai duba, ko gadi ko shara.

Na tambaye shi ko akwai wuraren da babu kowa a kai. Ya ce ana iya samarwa.

"A cire wa?" na ce.

Ya kalli ƙasa. Na ba shi labarin mai goyo. Ya ce Yaya, ba ki san siyasa ba, idan ban sa nawa ba 'yan jam'iyya za su cika wuraren da nasu, kowane ciyaman haka yake yi, ba wanda zai ga baƙina.

"Su ba ni na goya su ba," na ce. "Jiya na ga inda ka ɗora hannunka. Abin da ke aljihunka namu ne, idan ka ba mu za mu karɓa mu gode. Kujerar nan ba ta Darini ba ce. Ko mutum ɗaya daga Batsari bai jefa maka ƙuri'a ba. Kada ka ɗauki Sama'ila, kada ka ɗauki kowa namu. Wanda duk ya zo maka, ka ce Yaya ta hana. Ni zan ji da su."

Ya ce ban san abin da nake jawo ma kaina ba. Na ce na sani. Ashe rabi na sani.

Malam na fara gaya mawa da muka dawo. Yana zaune yana wasa wuƙa, ya saurare ni har na gama. Ya tambaye ni da wa na yi shawara. Na ce ba kowa. Ya ce game da mutanen gari ya fahimta, amma Sama'ila ɗa ne ga Bishir, kuma ɗa ba ya cikin masu neman alfarma. Na ce idan na bar ƙofar a buɗe ma nawa, da wane baki zan rufe ma na wasu. Bai yarda ba, kuma bai ɓoye mani ba. Amma washegari shi ya zauna a zaure, duk wanda ya zo ya ce mashi magana ta ƙare, kuma shi ya sa aka maida kaji da zabi da tunkiya gidajen masu su. Haka kakanku yake. A cikin ɗaki zai gaya maka bai yarda ba, a waje ba wanda zai ji.

Wanda zuwanshi ya fi tsaya mani a rai shi ne Mati na Yasore. Tare muka yi wasan ƙasa da matarshi. An kore mashi shanun noma, an kashe ƙanenshi a gona, ya kwaso iyalinshi da na mamacin ya zo Batsari. Zabi biyu ya kawo tun farko, da sunan babban ɗanshi, gadi kawai yake nema mashi. Da aka maida mashi zabin, ya ɗauko su da kanshi ya dawo, ya nemi a yi mashi iso. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya ji dalilina, kuma dalili ne mai kyau.

"Amma Indo, matar can da kika tausaya mawa, sau ɗaya kika gan ta a mota. Mu kullum kina ganinmu."

Na ce mashi ya yi haƙuri, abin da ba nawa ba ne ba zan iya ba shi ba. Ya ajiye zabin ya ce na sada zumunci ne, ba na neman aiki ba, ya tafi. Ban iya cin namansu ba, maƙwabta na ba.

Daga nan gari ya juya. Sunan Yayar Ciyaman bai ɓace ba, amma yadda ake faɗinshi ya canza. Matan da suka daɗe suna sayen maina suka koma wurin wasu. Idan na shiga gidan suna, hira ta yanke. Wasu suka ce baƙin ciki nake kada kowa ya samu, wasu suka ce ni kaɗai nake ci a ɓoye. Surukan Murja a Safana suka sa ta a gaba, ta zo tana kuka ta ce ko mijinta kaɗai in yi ma magana. Na share mata hawaye na ce a'a. Wasu samari suka ƙi jin magana suka tafi birnin da kansu. Bishir ya ciyar da su, ya ba su kuɗin mota daga aljihunshi, ya faɗa masu abin da na ce ya faɗa, suka dawo da sabon haushina. A can birnin kuwa, idan Sama'ila ya kamo tashar rediyonsu a waya, sai ka ji masu kira sun rabu. Wannan ya ce an kwashe sharar unguwarsu karon farko, wancan ya ce ruwa har yanzu shiru, wani ya ce ai duk ɗaya suke. Abu guda ne ban taɓa ji wani ya faɗa ba, cewa ya cika sakatariya da 'yan ƙauyensu. Da wannan nake kwana.

Abin da nake iyawa na yi. Na ce ma Bishir idan yana son taimaka ma mutanenmu ya sayi gyaɗa da albashinshi ya aiko. Ya aiko. Na kira matan da suka baro ƙauyuka muka riƙa suya da matsa tare, kowa ta ɗauki nata ta kai kasuwa. Matar Mati ta zo. Wasu suka ƙi, suka ce aiki suka nema ma 'ya'yansu ba tallar ƙuli ba. Ban ga laifinsu ba. Ribar ƙuli ba ta riƙe gida mai baki da yawa.

Sama'ila kuwa tun a motar dawowa ya daina yi mani hira. Da ya buɗe baki daga baya, ya ce na saya ma Kawu suna da rayuwarshi. Ya ce abokan karatunshi da ba su kai shi ba duk sun samu aiki ta hanyar wani nasu, shi kuwa da Allah ya ba nashi, uwarshi ce ta tare ƙofa. Na ce Kawunshi ya yarda ya buɗe mashi shago da kuɗin kanshi, ya bar hanyar nan. Ya ce bai yi karatu don ya auna sukari ba, kuma ba ya son sadaka, haƙƙinshi na ɗa yake nema. Ya ci gaba da kabu-kabunshi. Kullum idan ya tada babur da safe ina jin ƙarar har ta ɓace, in yi addu'a, in koma ma turmina.

Ƙarshen damina ne, dawa ta yi tsayi har ta rufe gefen hanya. Ya ɗauko wani fasinja daga Safana da rana tsaka, mutane suka fito masu daga cikin dawar. Fasinjan ya faɗa gona ya tsira. Sama'ila ya yi ƙoƙarin juyawa, suka harbe shi a gwiwa, suka tafi da babur ɗin. Wata a-kori-kura mai ɗauke da buhunan gero ce ta tsince shi. Lokacin da na isa inda aka kwantar da shi, wandonshi ya bushe da jini, leɓenshi ya yi fari. Ya buɗe ido ya gan ni, ya maida kanshi wajen bango. Aka wuce da shi asibiti a Katsina.

Bishir ya iso washegari, ba jiniya ba 'yan rakiya, shi da direba. Ya tsaya a kan gadon ya yi kuka kamar yaro. Da muka fito baranda, ni da shi da Malam, ya ce magana ta ƙare, da an sallami yaron zai tafi da shi, zai ba shi aikin zama a ofis. Ya ce yanzu ko mutanen birnin suka ji, ba wanda zai ga laifinshi. Malam kuwa ni kawai yake kallo. Ba zan ɓoye maku ba, bakina ya buɗe zai ce to. Kalmar ta zo har kan harshena. Sai na tuna ranar da za a sallame shi zan koma Batsari, in iske matar Mati a tsakar gidana tana suyar gyaɗa, ɗanta kuma yana dako a kasuwa, shi ma kullum a bakin haɗari.

"Ka biya asibiti," na ce. "Wannan ɗanka ne, nauyinka ne. Ka kai shi wurin likitan da ya fi kowa, ko gidanka za ka sayar. Aikin kuwa yana nan yadda muka yi."

Malam ya juya ya sauka daga barandar. Na zagaya bayan ɗakin marasa lafiya inda mata ke wanki, na durƙusa na yi kukan da rabona da irinshi tun rasuwar mahaifiyarmu. Wata mata da ban sani ba ta dafa ni tana cewa in yi haƙuri, Allah ya jiƙanshi. Ban iya gaya mata yana nan da ranshi ba.

Ƙafar ta tsira, amma ba ta sake lanƙwasawa ba. Bishir ya biya komai. Malam ya daɗe ba ya yi mani magana sai ta dole, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa ce mani na yi daidai ba. A gari aka ce ga sakamakon taurin kai. Bishir ya gama wa'adinshi, manyan jam'iyya ba su sake tsayar da shi ba, sun ce ba ya jin magana. Ya koma gidanshi na da, yana shiga kasuwar birnin da ƙafa ya sayi cefanenshi, wasu su gaishe shi, wasu su tare shi da maganar ruwan da bai samu ya kawo ba. Mai goyon nan ban san sunanta ba, ban kuma san ko an tabbatar da mijinta ba. Ban taɓa tambaya ba.

Da Sama'ila ya warke, babanshi ya sayar da sa, Bishir ya cika, aka kafa mashi injin niƙa a bakin layinmu. Wannan bai ƙi ba. A wurinshi muke kai gyaɗarmu. Amma ɗakina ya daina shiga. Kullum da safe zai dogaro sandarshi ya tsaya a bakin ƙofa, ya gaishe ni yadda addini ya ce, in amsa, ya wuce. Haka muka yi damina ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Ina jin abin da yake faɗa a majalisa, ana kawo mani. Ban taɓa aika mashi ba.

Wata safiya bayan rasuwar Malam, ina dama kunun gyaɗa, na ji sandar ta wuce bakin ƙofa ta shigo ciki. Ya jingina ta da bango, ya zauna a kan tabarma, ya miƙe ƙafar a gabana.

"Inna," ya ce, "da kin bari Kawu ya riƙe ni, da ƙafata na nan."

Da na so, da na ce ƙaddara ce, kuma gaskiya ne. Amma ba don a gaya mashi wannan ya shigo ba, malamai sun sha gaya mashi.

"Haka ne," na ce. "Ba ranar da ba na tunawa. Kuma da za a maida ni ɗakin nan a sake tambayata, abin da na faɗa zan faɗa."

Ya gyaɗa kai a hankali.

"Na sani. Na gaji da faɗa a waje ne. Na ce gara in zo in faɗa maki a gabanki."

"Ka kyauta," na ce.

Na zuba kunu a kofi na miƙa mashi. Ya karɓa da hannu biyu, ya kurɓa, ya ce tsamiyar ta yi kaɗan. Na ƙara mashi.